Yadi Biyu Daga Leshin Yaya Bilki

Wata Asabar ce a tsakiyar watan Yulin 2004, ruwan sama ya ɗauke ke nan, ina tsaye a wani shago a layin masu leshi na kasuwar Wuse, silifas ɗina duk taɓo, ina kallon Yaya Bilki ta yafa wani leshi ruwan hoda a kafaɗa tana juyi gaban madubi. Shekarata goma sha ɗaya. Tun hantsi muke yawo ni da ita da Umma, mun shiga shaguna har na daina sanin wanne muka shiga wanne muka tsallake, duk wanda aka sauko mana da shi sai Yaya ta taɓe baki, Umma kuwa ta murza shi tsakanin yatsu ta ce shara-shara ne. Ƙafar Umma ta kumbura, ta zauna a benci tana fifita da gefen gyalenta, ta riga ta ce mu haƙura mu koma Kubwa sai wani satin. Ni ce na ɗaga kai na hango shi can saman kanta, an danne shi da wasu, gefensa kawai ya leƙo da ƙananan duwatsu suna walƙiya. Mai shagon, wani ɗan kudu mai tumbi da kowa ke kira Oga, ya taka kujera ya sauko da shi yana cewa, “Hajiya, wannan shi ne na ƙarshe, idan ka tafi ka dawo ba za ka same shi ba.” Umma ta ce duk ɗan kasuwa haka yake faɗa. Amma da Yaya ta juyo daga madubi na ga fuskarta, na san yawo ya ƙare. Ta dafa kaina ta ce a yanko yadi bakwai, biyar nata, biyu na Raliya. Raliyar nan ni ce, kuma ban tuna yadda muka fito daga kasuwar ba saboda murna.

A waɗannan shekarun ne wata al'ada ta shigo bukukuwan Hausawan Abuja, mun ɗauko ta wajen maƙwabtanmu. Ranar liyafar da ake kira dina, ana samun yarinya ɗaya a dangi a ɗinka mata riga iri ɗaya sak da ta amarya, ta shiga gaba da kwandon fure, ta zauna kusa da ita, duk hoton da za a ɗauka tana ciki. Ita ake cewa ƙaramar amarya. A danginmu kuma sai aka haɗe ta da tsohuwar al'adar 'yar zaman ɗaki, wato yarinyar da ke bin amarya gidanta ta zauna da ita makonnin farko don ta ɗebe mata kewa. Biki biyu aka yi a gabana, a duka biyun wadda ta sa ƙaramar rigar ita ta bi amarya. Don haka a wurina yadi biyun nan ba sutura ba ce kawai, takardar shaida ce cewa in Yaya ta bar gidanmu tare za mu tafi.

Sai mutum ya san yadda muke da Yaya Bilki zai gane. Shekara goma sha biyu ta ba ni, tsakaninmu maza ne uku da ba su san komai ba sai ƙwallo. Baba ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, da an sallame sallar asuba yake fita ya shiga layin bas, in ya makara da minti goma sai ya tarar da layin ya kai bakin titi. Umma tana koyarwa a firamare, ita ma da sassafe take fita. Yaya ce ta yi mini wanka har na iya, ita ke yi mini kitso ranar Lahadi tana danna kaina tsakanin gwiwoyinta, ita ke tsayar da mai ruwa ta ƙirga jarkokin da ya juye a tanki, ni kuma ina riƙe da murfi kamar wani babban aiki nake. Katifa ɗaya muke kwana. In an aike ni kai markaɗe na tsaya wasan 'yar gala-gala har tattasai ya fara kumfa, ita ke rufa mini asiri. Da ango ya fara zuwa, wani dogon injiniya da ke aiki a kamfanin wayar salula, ban taɓa gaishe shi da fuska a sake ba. Shi ya saya mata wayar hannu ta farko a gidanmu, kuma na tsani wayar nan kamar mutum, don da ta yi ƙara Yaya za ta saki kaina da rabin kitso ta shige ɗaki tana magana ƙasa-ƙasa.

An sa biki watan Disamba. Umma mace ce da ba ta jiran lokaci ya ƙure mata, ragon layya ma da za ta samu wurin ɗaure shi da tun azumi za ta saya. Ta ce a Disamba kowa aure yake, kaya su yi tsada, masu kyau su ƙare, teloli su yi ta yi wa mutane gobe-jibi, shi ya sa muka je kasuwa saura wata biyar. A nan ta yi daidai. Washegari muka kai yadin wajen Madam Saratu, telarmu, wata 'yar wajen Jos da ke da shago a bayan layinmu, keken ɗinkinta biyu da gilashi a kan hanci. Ta warware leshin, ta yaba, ta naɗe shi ta miƙo wa Umma. Ta ce, “Ku sayi yadinku da wuri, wannan daidai ne. Amma kada ku bari in sa almakashi sai biki ya zo kusa, don amarya tana ramewa, yaro kuma yana girma.” Yaya ta yarda nan take. Ni kuwa na ji kamar an ƙwace mini abinci a baki.

Ina da tsohon ciwo a kan ɗinki. Tun da na yi wayo ban taɓa sa rigar da ta yi mini daidai ba. Duk kayan Sallata Umma sai ta ce a ƙara mini, “za ta girma a ciki,” sai in fito ranar idi hannun riga ya rufe yatsuna, wuya yana zamewa ta kafaɗa ɗaya. Kafin in girma a cikin, atamfar ta koɗe. Kayan makarantata kalmasa uku aka yi musu a ƙasa, duk shekara a warware ɗaya, layin tsohon ɗinkin ya fito fari kowa yana gani. A filin makaranta in muna tsallen igiya sai na tattare siket da hannu ɗaya, wata yarinya 'yar gidan wani darakta ta sa mini suna Mai Rigar Aro, sunan kuma ya bi ni har aji biyar. To ga leshi mai duwatsu ya zo hannuna, a ce kuma in jira wata huɗu, bayan nan ma a ɗinka mini buhu? Kwana uku na yi ina kuka, na ƙi cin abinci a gaban mutane, sai dai in ci a ɓoye a bayan tanki. A rana ta huɗu Umma ta gaji ta ce a kai nawa a ɗinka in huta ta huta, amma a gaya wa Madam ta bar wuri sosai a ciki.

Ni aka ba saƙon, kuma a nan na yi abin da na yi. Da aka tashi daga Islamiyya na biya shagon da yadina a leda, na tsaya ƙyam aka auna ni, har da shanye ciki. Na ce Umma ta ce a yi shi cif-cif, kada a bar komai a ciki, abin da ya ragu kuma a yi mini ɗankwali da 'yar jaka. Madam Saratu ta dube ni ta saman gilashi ta daɗe. Ta ce, “Hajiya ne ya faɗa haka da bakinsa?” Na ce wallahi. Ta ɗaga kafaɗa ta ɗauki alli. Bayan mako biyu aka kawo rigar, da shafi mai santsi a ciki da zif a baya, na sa ta, ta zauna a jikina kamar a nan aka halicce ta. Umma tana sauri za ta fita unguwa, ta ce ta yi kyau, ba ta juya cikin ta duba ba. Aka sa ta a leda aka rataye a bayan ƙofar ɗakinmu. Duk safiya kafin in ɗauki tsintsiya sai na ɗaga ledar na leƙa. A makaranta kuwa babu wanda bai ji labarinta ba, har 'yar gidan darakta na yi wa alkawarin hoto, ba don ina ƙaunarta ba.

Saura wata guda biki kamfanin su ango suka tura shi kwas ƙasar waje na wata shida. Manya suka zauna, aka ɗaga biki zuwa Agustan shekara mai zuwa, lokacin dogon hutu. Yaya ta yi kuka har idonta ya kumbura, ni ina ba ta haƙuri da baki, a zuciyata kuwa kiɗa nake. An ƙara mini wata takwas da yayata, wayar ma ta rage ƙara. Ko sau ɗaya tunanin rigar bai zo mini ba. Leshin Yaya yana ƙasan akwatin Umma ba a taɓa shi ba, tawa kuma tana rataye, na ɗauka za ta jira ni kamar yadda nake jiranta.

Hutun Disamba da na Ista duk a Jiwa na yi su, gidan Kawu, yayan Umma, wanda ya daɗe da zama can yana noma. A nan Zuwaira take, 'yarsa, na girme ta da shekara ɗaya amma in ka gan mu sai ka ce uku, don 'yar firit ce, baƙa, mai manyan idanu. Ba ta da yawan magana amma babu abin da ba ta iya ba. Ita ke ɗora mini gammo in muka je rafi, ta cika bokitina rabi don ta san ba zan iya ba. Ita ta koya mini tonon doya ba tare da na sare ta ba, da gasa ta a toka, da yadda ake gane mangwaron da ya nuna tun yana sama. Takalminta ɗaya, na zuwa makaranta, sauran yini ƙafa a ƙasa take yawo, duga-duganta duk faso. Ni kuma abin da nake biyan ta da shi labarin birni ne. Muna zaune a kan tulin ƙaiƙayi muna wasan carafke ina ba ta labarin rigata, yawan duwatsun, santsin shafin, yadda zan riƙe kwando, yadda ɗakina zai kasance a gidan Yaya. Ta saki baki tana ji. Abin da ta roƙe ni kawai shi ne ranar bikin in bari ta taɓa. Na ce zan duba, in ta wanke hannu. Ina nan ina cin sakwara sau biyu a rana, ban san tsawo nake yi ba, sai da na dawo Kubwa wata maƙwabciya ta ce, “Kai, Raliya, taki aka sa miki?”

A watan Yuni aka fito da leshin Yaya aka kai ɗinki, Madam Saratu ta ce a zo da tawa ma a gwada. A bayan labulen shagon na sa ta. Da ƙyar kafaɗuna suka shiga, zif ya hau rabin baya ya tsaya, rigar da take share ƙasa ta koma tsakiyar ƙwauri. Na shanye ciki har na ga duhu-duhu, zif bai motsa ba. Umma ba ta damu ba, ta ce ai shi ya sa aka bar wuri, a warware. Madam Saratu ta cire mini rigar, ta juya cikinta waje ta shimfiɗa a tebur. Ɗinkin yana bakin yadi, ko faɗin farce ba a bari ba. Ta ce, “Hajiya, yarinya ya ce ke kika ce cif-cif.” Har yarinyar da ke kan ɗaya keken sai da ta ɗaga ƙafa ta daina ɗinki. Umma ta dube ni, ta dubi ɗankwalin da 'yar jakar da suka cinye sauran yadin, ba ta dake ni ba, kuma da ta dake ni da ya fi mini sauƙi.

Yaya ce ta matsa aka koma Wuse. Muka tafi da 'yar jakar a hannu muna nunawa shago-shago. Wani ya ce an daina yayinsa, wani ya sauko da mai kama da shi amma in an haɗa su sai ka ga ɗaya ya fi ɗaya ja. Da muka isa wajen Oga ya karɓi jakar ya juya, ya gane kayansa. Ya ce, “Hajiya, na gaya maka.” Ashe a ranar nan gaskiya ya faɗa. A bas ɗin komawa Kubwa na kifa kai a cinyar Yaya ina kuka, tana shafa bayana tana cewa in yi shiru, riga ce kawai. Na ji haushin maganar nan ƙwarai, don na ɗauka ita abin bai dame ta ba.

Umma ba ta asarar kaya. Saura kwana goma biki Kawu ya kawo Zuwaira a bayan babur da buhun masara da ƙullin kayanta. Aka yi mata wanka, aka fito da rigata daga leda, aka zura mata. Zif ya haye har wuya ba tare da ko tsayawa ba. Ta tsaya tsakar ɗaki hannuwa a buɗe, tana tsoron taɓa jikinta, matan gida suna ta salati suna cewa kamar don ita aka ɗinka. Yaya ta ɗaura mata ɗankwalina, ta rataya mata jakata, ta juya ta gaban madubi tana dariya. Ina bakin ƙofa da bokitin wanke-wanke. Ban taɓa jin abu mai zafi irin wannan ba, na ji na tsani Zuwaira, na tsani manyan idanunta, na tsani ƙanƙantarta. Ta hango ni ta madubi ta yi murmushi, irin na wanda ke neman a taya shi murna, na juya na fita. Babu wanda ya yi maganar zaman ɗaki, ni ma ban tambaya ba, don a ganina an gama magana: mai riga ita ce mai tafiya.

Kamar da gayya, ni aka ɗora wa koya mata tafiya. Aka sayo mata farin takalmi mai ɗan tudu, buɗaɗɗe ta baya, kullum da yamma sai ta sa shi ta riƙe kwandon wanki ta yi ta kai da kawowa a tsakar gida ina gyara mata. Na so ta kasa, amma a kwana biyu ta iya. Duk abin da na ce sai ta ce to, har da Yaya Raliya take kirana, abin da ba ta taɓa yi a Jiwa ba. A rana ta uku muna wanke kwanuka a bakin tanki, ta tsuguna, na ga duga-duganta. Na ce mata, cikin muryar mai ba da shawara, ai masu ɗaukar bidiyo daga ƙafa suke farawa, kuma za a nuna a babban allo kowa ya gani, dangin ango duk 'yan boko ne, in suka ga wannan fason za su ce dangin amarya 'yan ƙauye ne, Yaya ce za ta ji kunya. Ta janye ƙafar ta ɓoye ƙarƙashin zane. Ta tambaye ni a hankali yadda za ta yi. Akwai dutsen goge kaushi a banɗaki, akwai man kaɗanya a ɗakin Umma, na san da su. Amma sai na nuna mata wani ɓallin bulo na siminti da magina suka bari a bayan tanki, na ce da shi 'yan Abuja ke yi.

Kullum da safe, bayan ta gama sharar da ba a sa ta ba, sai ta zagaya bayan tanki ta zauna ta yi ta gurzawa. A kwana na uku na leƙa na ga ruwan da ke gangarowa ya yi ja-ja. Ta ɗaga ƙafar ta nuna mini ta ce ya yi? Na ga naman ya fito, wurin fason ya buɗe. Wallahi na gani da idona. Amma ta cikin taga ina hango ledar rigar a rataye, sai na ce saura kaɗan. Wannan kalmar ita ce mafi munin abin da na taɓa faɗa a rayuwata, kuma ina da shekara goma sha biyu na faɗe ta.

Ranar sa lalle asiri ya tonu. Tsakar gida cike da mata, ana ta guɗa, mai lalle ta gama da amarya ta ce a kawo ƙaramar. Zuwaira ta ƙi miƙa ƙafa. Matar ta kamo da ƙarfi, ta duba, ta saki salati ta kira Yaya. Duga-dugan biyu sun kumbura, ɗaya har ya fara ruwa. Aka taru ana tambayar ta wa ya sa ta, tana ta cewa ita ta ga dama, babu wanda ya sa ta. Ba ta dubi inda nake ba ko sau ɗaya. Sai da Umma ta daka mata tsawa sannan Zuwaira ta ce, tana kuka, “Don kada a gani a bidiyo ne, Yaya ta ji kunya.” Yarinyar da gidansu ko talabijin babu, ina ta san bidiyo in ba gaya mata aka yi ba? Yaya ta ɗago kai, hannuwanta a sama saboda ɗanyen lalle, ta bi matan da kallo har ta same ni a bayan turmi. Aka kira wata maƙwabciyarmu nas ta wanke ciwon ta naɗe.

Washegari da safe Yaya ta kira ni ɗaki ta tura ƙofa. Akwatuna ko'ina, ƙamshin turaren wuta ya cika wurin. Ta jawo wata sabuwar ƙaramar jaka daga ƙarƙashin gado ta zuge. Tawul ne sabo, da buroshi, da silifas daidai ƙafata ta yanzu, da kayan barci guda biyu. Ta ce tun ranar da muka dawo daga Wuse hannu rabbana ta gaya wa Umma cewa ko wa ya sa rigar, ni za ta ɗauka, kuma wata guda ke nan tana tara mini waɗannan a ɓoye don ta ba ni mamaki ranar kai amarya. Ta ce, “Riga ce ta yi miki kaɗan, Raliya, ni ban ce na fasa tafiya da ke ba.” Ta ciro silifas ɗin ta ajiye a gabana, ta zuge jakar. “Amma ba zan mayar wa Kawu 'yarsa da wannan ƙafar ba. Zuwaira za ta bi ni har ta warke.” Ban yi kuka a gabanta ba. Na ɗauki silifas na fita, na je bayan tanki na zauna a kan bulon.

A wajen dina ina cikin anko na atamfa kamar sauran 'yan mata talatin, an ba ni aikin raba robobi masu hoton ango da amarya. Zuwaira ta shigo gaba da kwandon fure, an sa mata farar safa a kan bandeji, tana taka ƙasa a hankali saboda zafi, mutane suka ɗauka yanga ce suka yi ta tafi. Wata daga dangin ango ta tambaye ni ko yarinyar mai kwandon ƙanwar amarya ce, don kamarsu ɗaya. Na ce eh, na miƙa mata roba. Washegari aka kai amarya wani gida mai bene a Garki, Zuwaira a gefenta a mota da jakar nan a cinya. Ƙafar ta warke cikin mako uku, amma kafin nan ango ya ga yarinyar tana da kai, ya roƙi Kawu ya bar ta ya sa ta makaranta a birni. Makonnin zaman ɗaki suka zama shekara goma sha ɗaya. Ita ta goya 'ya'yan Yaya duka, a ɗakin da na tsara wa kaina ta yi karatun jarrabawa, daga gidan aka yi mata aure. Ni ina zuwa hutu in kwana biyu in koma, ana shimfiɗa mini katifar baƙi.

Yanzu amaren Abuja ba sa taka taɓon kasuwa. A waya suke zaɓar riga, a shago mai sanyi ake auna su, a gwada sau uku kafin biki, ƙananan amare ma sai a jera shida ba ɗaya ba, don kada ran kowa ya ɓaci. Kubwa ta cika ta batse, an rushe shagon Madam Saratu an yi bene a wurin, gonar Kawu rabinta ta zama filaye. Ni da Yaya lafiya muke, muna waya kusan kullum, amma in abu ya same ta Zuwaira take fara kira, ni sai daga baya in ji, kuma har yau in na ji sai in ga kamar ina bakin ƙofar nan da bokiti. Da aurena ya zo, Zuwaira ce ta ɗauki hutu daga asibitin da take aiki ta yi ta zirga-zirga da ni wajen tela. Ranar gwaji na ƙarshe ta durƙusa a gabana da fil a baki tana daidaita mini ƙasan riga, mu biyu kawai a ɗakin. Na buɗe baki zan faɗi abin da na shekara goma sha biyar ina shiryawa, sai na ji kaina ina tambayar ta ko gwaggwaron ya iso. Ta ce ya iso, ta ci gaba da aikinta.

Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni kuma har yau ban ba ta haƙuri ba.